Yadda ake haɗa jak masu zare domin ɗaga kaya masu nauyi a masana'antu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa. Sai dai yawan hannuwa kaɗai bai wadatar ba. Idan masu ɗagawa ba su tashi lokaci guda ba, jinkar karkacewa za ta yi. Wannan ita ce ƙa'idar da injiniyoyi ke bi wajen haɗa jak biyu, huɗu ko fiye domin ɗaga dandamali, ƙofar madatsar ruwa ko wani babban inji.

Jak mai zare doguwar sandar ƙarfe ce da ke ratsa noti. Idan giya ta juya notin, sai sandar ta hau ko ta sauka. Domin jak ɗin su yi tafiya bai ɗaya, akan haɗa su da injin lantarki guda ta hanyar sanduna masu juyawa da akwatunan giya masu karkatar da juyi zuwa kwana. Tsarin yakan ɗauki siffar harafin I, T, U ko H. A tsarin H, injin na tsakiya, jak huɗu kuma na kusurwoyi. A tsarin U kuwa, akan bar tsakiya fili domin kaya ko ma'aikata.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne raba nauyi daidai a lissafi. Kaya mai tan 20 a kan jak huɗu ba lallai ne kowanne ya ɗauki tan 5 ba, domin ɓangaren da kayan ya fi rinjaya shi zai fi shan nauyi. Haka kuma, kowace mahaɗa da akwatin giya na cin wani kaso na ƙarfin injin, saboda haka dole a zaɓi injin da ƙarfinsa ya haura buƙata.

Sandar jak ba ta jure turi daga gefe, kuma idan ta yi tsawo ainun tana iya lanƙwashewa. Shi ya sa ake kafa wa kayan dogayen ƙarafa da zai riƙa bi, tare da makunnin da ke tsayar da injin idan an kai iyaka.

Jak mai zare na gargajiya yakan riƙe kaya ko da an ɗauke wuta, amma mai ƙwallayen ƙarfe a cikin noti ba ya riƙewa sai da birki. Sanin wannan bambanci na iya ceton ran ma'aikacin da ke ƙarƙashin kayan.