TSAMIN ƘASA DA MAGANINSA

Ya ku dagatai da manoman Kawo da Mando da Unguwar Rimi, ku sani ƙasa tana yin tsami kamar yadda nono ke yi. Ruwan damina mai yawa yana wanke gishirinta, takin zamani na salfa kuwa yana ƙara mata tsami in an dinga zuba shi shekara da shekaru. Sa'an nan sai ku ga masara ta tsumbure, ko da an ba ta taki.

Ga gwajin da kowa zai iya. Ku jiƙa zoɓo, ku ɗiga masa ruwan toka. Nan da nan jansa zai rine, tsaminsa ya karye. Watau toka abokiyar gābar tsami ce, in sun gamu sai su kashe juna.

A 1909 wani masani na ƙasar Danmak, Sorensen, ya fito da ma'aunin tsami. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta tsami ne. Masara ta fi son wajen 6 zuwa 7.

To, kada ku zubar da tokar murhu. Ku tankaɗe ta, gama gari ya fi dunƙule saurin aiki. Ku barbaɗa, ku kafce kafin shuka, danshi ya narkar da ita. Amma fa kada ku gama ta da takin salfa, ƙarfin takin zai bi iska. Kada kuma ku sa kanwa, tana ɓata gona.

Dagatai, ku karanta wa talakawanku wannan. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.