Kurma a gaban likita: wa zai faɗi inda ke ciwo?

Wata safiyar Talata, a layin awon ciki na wani asibiti a birnin Katsina, na ga wata matashiya kurma ta zauna a gaban nas, uwar mijinta na tsaye a kanta. Nas ta ce, "Mama, me ke damunta?" Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, jiri ne kawai." Ita kuwa mai cikin, hannunta sai kai-komo yake tsakanin mara da ƙugu, tana yamutsa fuska. Ba wanda ya dubi hannun. Jiri aka rubuta a kati.

Kafin allura, kafin gwajin jini, aikin likita da tambaya yake farawa: yaushe ciwon ya soma, suka yake ko murɗa, an ga jini? Idan amsar ta biyo ta bakin ɗan rakiya, sai ta iso a gutsure. Ba mugunta ba ce. Alamun cikin gida, na "zo ki ci" da "ɗebo ruwa", ba su kai su bayyana ciwon mara ba. Ga kuma kunya. Wace mace ce za ta yi wa surukarta bayanin ciwon sanyi ko tazarar haihuwa? Wane magidanci ne zai so ɗansa ya riga shi jin sakamakon gwajin ƙanjamau? Sirrin da mai ji ke samu kyauta da zarar an rufe ƙofa, kurma ba ya samunsa.

Wasu likitocin kan jawo takarda su rubuta. Wannan sai ga wanda ya yi boko. Wasu kuma su ɗaga murya ta bayan takunkumi, alhali fuska ce rabin maganar kurma: ɗaga gira kaɗai kan mai da zance tambaya.

Doka dai akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadin hanyar sadarwa ga majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana. Don haka tafinta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Amma wane tafinta? Nan ne gizo ke saƙar, domin yaren kurame a ƙasar Hausa biyu ne. Akwai na makaranta, wanda tushensa Amurka ne. Andrew Foster, baƙar fata kuma kurma, ya kawo shi Ibadan a 1960, ya bazu har makarantu irin su Tudun Maliki ta Kano da ta kurame da ke Malumfashi. Akwai kuma maganar hannu, tamu ta gado, wadda kurame ke koya a bakin kasuwa da dandali tun kafin boko. Constanze Schmaling, masaniyar harshe daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, ta nuna harshe ne cikakke mai nahawunsa. Tafintan da ya ƙware a na makaranta zai iya tsayawa gaban dattijo daga Batagarawa ko Jibiya su yi ta kallon-kallo.

Kuma kuramenmu ba kaɗan ba ne, don muna cikin yankin sanƙarau. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, galibi a Arewa, kuma kurumta na cikin tabon da cutar ke bari. Yaran da suka tsira a lokacin su ne iyayen da ke bin layi yau, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba.

Shi ya sa nake ganin a haɗa mutum biyu: tafinta mai ji, da kurma ɗan gari wanda ya iya yarukan biyu. A sashen haihuwa su kasance mata. Likita kuma ya riƙa duban majinyaci, ba tafinta ba, ya kuma sa shi ya nuna da hannunsa ƙwaya nawa zai sha da safe, nawa da dare, kafin ya tashi daga kujera.