Abin da ya kamata ku sani kafin ku rataye kayan farauta

A ƙasar Auyo, da zarar shamuwa ta dawo, hadari ya fara haɗowa daga gabas, mafarauci ya san lokacinsa ya ƙare. Hankali ya koma sharar gona da neman iri. Kayan da aka sha kwanan daji da su tun bayan kaka sai a tattara a jingine a kusurwar ɗaki, ba mai sake waiwayarsu sai hunturu ya kama. Wannan jinginewar tana cin kaya fiye da yadda dajin kansa ke ci.

Dalili kuwa, mu mutanen fadama ne. A Agusta da Satumba kogin Haɗeja kan cika da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Kano, ta madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992. Ga kachala ta toshe magudanai, ruwa bai samun hanya sai ya fantsama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya bukatar bayani. Ko shekarar da ruwa bai shiga gida ba, daɓe kan tsattsafo, bango ya jiƙe, ƙarfe ya yi tsatsa, fata ta yi fumfuna, gara ta bi ƙota.

Saboda haka lokacin duba kaya shi ne makon da aka dawo daga fita ta ƙarshe, tun mutum bai manta daren da fitila ta mutu masa ba, ko ranar da kube ya saki wuƙa. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zazzage burgami da buhu. Abin da aka yi ta ɗauka duk rani ba a taɓa amfani da shi ba, a ware shi, nauyin banza ne. Sauran kuma kada a fara da wanda ya fi tsada. A fara da wanda in ya ci amana, jini zai zuba.

Wato bindiga. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana ɗauke da gishiri mai jawo danshi, kuma daga ciki take cin ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Bindigar toka tana iya sheƙi a waje, ƙotarta ta sha mai da layu, alhali cikinta ya rarake. Irin wannan ce ke fashewa a hannu a harbin farko na sabuwar shekara, ta tafi da yatsu ko ido. Kafin komai a tabbatar ba ɗuri a ciki. Kada a dogara da "ai na harba ta". A zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama a bakin bututu, a zaro a gwada ta waje. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki, kuma bindigar da ke da ɗuri ba a ajiye ta a gidan da yara ke shiga da fita. Daga nan a wanke bututun da ruwan zafi har ruwan ya daina fitowa baƙi, a busar da shi sosai, a zura tsumma mai ɗan man inji.

Sai a shafa bututun da yatsu daga baki zuwa gindi. In an ji kumburi, ko an ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, bindigar ta gama aiki. A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, su kai wa mai walda ya liƙe, ko su naɗe wurin da waya da fata. A ganina wannan ganganci ne. Yawancin bututun nan daga bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota aka yi su, tun asali ba don wuta aka ƙera su ba, walda kuma ba ta mayar da ƙarfin da ya riga ya tafi. Kuɗin sabon bututu bai kai kuɗin kwana uku a asibiti ba. Maƙerin kirki zai faɗa maka gaskiya, in ka tambaye shi da niyyar ji.

Mai baka aikinsa ya fi sauƙi, amma shi ma da nasa. A sassauta tsarkiya, don bakan da ya yi damina a ɗaure yakan saki, ya rasa ƙarfin jifa. A fito da kibau daga kwari ɗaya bayan ɗaya, a jefar da kyauron da ya tsage ko ƙwaro ya huda. Wanda har yanzu ke shafa dafin kwankwani ya sani cewa bushewa ba ta kashe shi, zuciya yake tsayarwa, kuma yana daɗewa da ƙarfinsa. Kwarinsa ya hau can sama inda hannun yaro bai kai. Adda da barandami da wuƙa a wasa su, a shafa mai, amma kada a mayar da su kube su yi damina a ciki, domin fata tana riƙe laima tana shayar da ƙarfe. Kuben da burgami a shafa musu man kaɗe, ɗinkin da ya warware a kai wa baduku.

Kayan kwana ne aka fi rainawa, alhali su suka fi kwantar da mafarauci. A fadama sauro ba ya hutun rani, balle ga ruwan noman rani ko'ina. Gidan sauron da ya kwana kusa da wuta ba ya rasa hudar tartsatsi. A ɗaga shi a rana a nemi hudojin, a ɗinke. Mai magani an yi shi ne ya kai kamar shekara 3, kuma wanki da omo mai ƙarfi da shanya a tsakar rana suna kashe maganin da wuri, don haka sabulu mai laushi da inuwa yake so. Tamfol da bargo kada a naɗe su sai sun bushe ƙarau. Jarkar ruwa a shinshina ta. Ina roƙon 'yan'uwa da babbar murya, jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta komawa ta ruwan sha, ko sau nawa aka ɗauraye ta.

Fitilar goshi mai caji takan mutu ne saboda an bar ta wata da watanni batir a ƙone. A yi mata caji kafin a ajiye, a riƙa ƙara mata lokaci lokaci. Mai batir na saye kuwa a cire batiran, in ba haka ba su zubo su cinye cikinta. Takalmi a juya shi a duba ƙasansa. Kububuwa da kasa a ƙafa da idon sawu suka fi sara, galibi da magariba ko cikin duhu. Wanda ya yi ranin bana da silifa ya tsira, ya gode wa Allah, ya sayi takalmi mai rufe ƙwauri tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai lissafin da ba a cika yi ba, na tarko. Nawa aka fita da su, nawa aka dawo da su? Tarkon waya da aka manta a daji bai san an rufe farauta ba. Akuyar maƙwabci yake kamawa, ko ɗan maraƙin Fulanin da ke kiwo a fadama, daga nan kuma rigima ta tashi. A koma a kwashe kafin ciyawa ta rufe su. A kuma tuna cewa dajin Baturiya da ke Kirikasamma wuri ne mai kariya, yana cikin jerin dausayin Ramsar na duniya tun 2008, tsuntsaye har daga Turai suke zuwa cin rani a can. Ba wurin tarko ba ne, ba na harbi ba.

Karnuka ba kaya ba ne, amma su ma sun yi rani. A cire musu kaska da ƙaya, a kai su ga likitan dabbobi don allurar haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara. Takardu ma a duba. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha ikon wajabta lasisi har ga bindigar toka. Lasisin da katin ƙungiyar mafarauta a ga ko wa'adinsu ya ƙare, a sa su a leda.

Su kaɗai ne leda ta dace da su. Ƙarfe da fata in aka ɗaure su a leda gumi suke yi su lalace. A rataye su a sama, nesa da bango da daɓe, albarushi kuma a gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Gyaran da ke bukatar maƙeri a kai shi kafin fartanya da garma su cika maƙera. A tsakiyar Agusta, ranar da rana ta fito sosai, a sauke komai a sha iska, a sake shafa mai, a mayar.