Kumburin Ƙwauri: Ba Kullum Ne Ake Yanke Ƙafa Ba

Maigida, in yaronka ya yi makonni yana kukan ciwo a ƙwauri, kusa da gwiwa, ciwon yana hana shi barci, ga kumburi mai tauri yana ƙaruwa, kada ka ce targaɗe ne ka kai shi wurin maɗori. Kada kuma ka bar wanzami ya yi masa ƙaho ko sakiya. Sau da yawa mugunya ce ta taru a ƙashi, amma wani lokaci ƙari ne. Akwai ƙari mai sauƙi, wanda ke zaune wuri ɗaya. Akwai mugu, wato ciwon daji, wanda ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20. Shi wannan in an bar shi yakan bi jini ya sauka a huhu.

Mu malaman asibiti mun san abin da ke hana ku zuwa: tsoron a yanke ƙafa. To, ku saurara.

Shafa ƙwaurinka. Ƙashi biyu ne a nan, babba a gaba, siriri a gefe, wanda ya ƙare a idon sawu na waje. Babban ke ɗauke da jiki. Abin da siririn ke ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba, saboda haka ana iya cire tsakiyarsa mutum ya yi tafiyarsa. In ƙari ya ci babban, likita yakan sa barci, ya yanke wurin da ya lalace duka har da ɗan lafiyayyen da ke kewaye. Sa'an nan ya ɗebo siririn, na wannan ƙafa ko na ɗayar, ya cike gurbin, ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Wanda ya taɓa ganin auren mangwaro ya gane abin: reshe ne ake haɗawa da wani har su zama ɗaya. A 1975 wani likita mai suna Ian Taylor, a ƙasar Ostareliya, ya nuna yadda za a ɗauko siririn da jijiyoyinsa na jini a ɗinke su a sabon wurin, don ya zauna da ransa. Abin mamaki, da an soma taka shi sai ya riƙa kauri. In ramin ƙarami ne kuwa, ɗan ƙashin ƙugu ya isa.

Aikin yana son haƙuri. Sai an yi watanni ana dogara sanda, wani ma ya haura shekara. In mugun ƙari ne, akwai allurai masu ƙarfi kafin aikin da bayansa. Taba tana hana ƙashi haɗuwa, sai a bar ta.

Ba za mu ruɗe ku ba: in ƙari ya riga ya kama manyan jijiyoyi, ko ya fashe ya zama gyambo, galibi sai an yanke ƙafar don a ceci rai. Sakiya da tausa suna gaggauta wannan.

Ku kawo shi disfensa mu duba, mu ba ku takarda zuwa babban asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Daga can akan tura mutum inda gwanayen aikin suke, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Za su ɗebi ɗan tsokaci daga ƙarin su auna kafin su yanke shawara. Bayan an sallame ku, ku adana katin, ku koma duk ranar da aka rubuta a ɗauki hoton ƙirji, ko da yaro ya koma gona.