Abin Hawan Da Ya Dace Da Masunci Da Mafarauci

Kifin da aka kama da asuba a madatsar ruwa ta Tiga, idan bai isa kasuwa da hantsi ba, kuɗinsa ya fara raguwa. Tsakanin Tiga da birnin Kano kuwa akwai tafiyar kilomita wajen 70. Haka shi ma mafarauci, nama ba ya jure zafin rana. Don haka abin hawa jari ne babba ga masu waɗannan sana'o'i biyu, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓe yakan daɗe yana biyan bashi.

Masunta da mafarauta da yawa sukan shigo Fagge da Sabon Gari don sayen keke ko babur, domin a nan shagunan dillalai da na kayan gyara suka fi yawa. Kafin mutum ya baro gida, ya kamata ya amsa tambayoyi uku. Wace irin hanya zai riƙa bi? Wane irin kaya zai riƙa ɗauka? In abin ya lalace, akwai mai gyara a kusa da garinsu?

Keke

Keke ba ya shan mai, kuma kusan kowane ƙauye akwai mai faci. Ya dace da wanda gidansa ke kusa da ruwa, kamar mutanen da ke gefen madatsar Watari a Bagwai, ko ta Thomas a wajen Dambatta, in a kasuwar kusa za su sayar da kifinsu. A nemi mai kariya mai ƙarfi wadda za ta ɗauki kwando da koma. Aibinsa shi ne rashin sauri, kuma yashi yana wahalar da shi.

Babur

Babur ya fi dacewa da tafiya mai nisa. Yana bin burtali da 'yar siririyar hanyar da mota ba ta iya shiga. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ya yi tsada ƙwarai. Sai mutum ya yi lissafi: kuɗin man zuwa da dawowa, nawa zai ci daga cikin cinikin ranar? A zaɓi irin da ya yi yawa a gari, kamar Boxer, domin kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Babur mai kyan gani wanda babu kayansa sai an aika Legas, ƙarshensa jingina a zaure.

A tuna kuma, a shekarar 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana goyo a kan babur a ƙananan hukumomin cikin birni, har da Fagge. Wanda zai shigo da kifi birni ya taho shi kaɗai da kayansa.

A-kori-kura

Farauta ta rani tafiya ce ta jama'a, ga karnuka, ga guzuri, ga ruwan sha. Wannan sai mota mai buɗaɗɗen baya. Ba dole ne mutum ɗaya ya saya ba. Tun da farautar ta 'yan watanni ce, ya fi sauƙi a haɗa kuɗi a ɗauko shata. Masunta ma za su iya haɗuwa a ƙungiya, mota ɗaya ta kwashe kifinsu gaba ɗaya. Kada a cika ta fiye da ƙima, kada kuma kowa ya hau da bindiga a ɗure.

Kafin A Biya Kuɗi

A je da makanike wanda aka amince da shi, musamman in babur na hannu za a saya. A tayar da injin a saurara. Hayaƙi mai shuɗi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. A duba birki, da sarƙa, da tayoyi, da fitila, domin masunci da duhu yake fita.

Daga nan sai takardu. A karanta lambar inji da lambar jikin babur, a gwada su da abin da ke rubuce a rasit. In sun saɓa ko da harafi ɗaya ne, a haƙura, don wataƙila kayan sata ne. A nan ne wanda ya iya karatu yake tsira da dukiyarsa. A yi ciniki a gaban shaidu, a karɓi rasit mai sunan shago.

Abin hawa yana kai mutum nesa, amma ba ko'ina aka yarda a yi farauta ba. Dajin Falgore, alal misali, gandun gwamnati ne, an hana kashe namun cikinsa. Wanda aka kama yana iya asarar naman, da bindigar, har ya kwana a hannun hukuma.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Na kusa da ruwa keke ya ishe shi, na nesa ya nemi babur, masu tafiya a ayari kuwa su haɗa kuɗin shata.