Kilisa: Yadda Doki Ke Sanin Mai Shi

A nan Ntoum, da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa dafa wuyan doki ba, domin ƙudan tsando na kurmin Gabon yana sa wa dawaki sammore. Abin da suka sani shi ne hawan Sallar Kano a talabijin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024. In mun kai su gida, sai su ce a ɗaura musu sirdi kawai.

To, dokin da ke tsayawa cik a Hawan Daushe, ga ƙarar bindiga ga tambari, ba ranar aka saba da shi ba. Kullum da la'asar sakaliya akan kwance shi daga turke a fita kilisa. Sabon doki kuwa, jansa ake fara yi da ragama, mutum na tafe daidai kafaɗarsa ta hagu, yana yi masa magana a hankali har ya san muryarsa. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, shi ya sa ba a zo masa ta nan. In ya kwantar da kunnuwa baya, ransa ya ɓaci, sai a dakata.

Saboda haka, in Allah ya kai mu Kano ko Maraɗi da yara, mu bar su su riƙe ragama tukuna, su ba dokin harawa da hannunsu. Mai gaggawar hawa shi ke shan ƙasa.