Gargaɗi ga masu ɗaura wa kwalekwale tamfol

'Yan'uwana na Zabarmari, musamman samarin da ke tafiya Baga da Doron Baga neman kifi idan aikin shinkafa ya lafa, ku tsaya ku ji wannan kafin hadarin farko ya taso.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai jirgin inji yake lissafin kowace lita. Shi ya sa dabarar kafa gora a kwalekwale, a ɗaura mata tamfol ko buhunan da aka ɗinke wuri ɗaya don iska ta tura jirgi kyauta, take da daɗin ji. Tsohuwar dabara ce, masuntan kogin Neja a ƙasar Mali sun daɗe suna yin ta, kuma ban hana kowa ba. Abin da ke hana ni barci shi ne yaro yakan koyi baza tamfol a yini ɗaya, amma bai taɓa gwada sauke shi cikin gaggawa ba.

Hadarin yankinmu daga gabas yake tasowa, kuma iska ce ke riga ruwan sama isowa. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna tamfol da shi yakan ninka sau huɗu. Kwalekwale kuwa ba shi da wani nauyi a ƙasa da zai miƙar da shi idan ya karkata. Tamfol ya cika, igiya ta ƙi kwancewa, sai jirgi ya kwanta gefe ɗaya ya ɗebi ruwa, da mutane da koma da kifin duka.

Ko manyan jiragen ruwa masu tafiya da iska na Turai da Amurka, waɗanda ke naɗe mayafinsu na gaba da wata na'ura mai kama da kwarkwaron zare, wannan matsala ba ta bar su ba. Galibi igiyar na'urar ce ake saki sako-sako lokacin bazawa, ta hau kan kanta ta cije, ko kuma igiyar sama ta nannaɗe a ƙoƙuwa. Abin da matuƙansu ke koya wa juna shi ne kada a ja da ƙarfin tsiya, domin ja yana ƙara ɗaure ƙullin ne, wani lokaci har ya tsinka abin da ke riƙe da sandar mayafin. Sai a fara rage wa mayafin nauyin iska, sannan a warware.

Haka ma a kwalekwale. Igiyar da ke riƙe gefen tamfol a hannu take zama, ba a ɗaure ta a jikin jirgi. Ta sama kuma a yi mata zarge wanda fizga ɗaya ke kwancewa, domin ƙullin da ya jiƙe ya sha ja, farce ba ya kwance shi. Igiyar leda da ta shekara a rana ta riga ta mutu ko da ido bai nuna ba, a murza ta, in ta yi gari a hannu a canza. Wuƙa ta kasance inda hannu zai kai ba sai an tashi tsaye ba. Da an ga gabas ta yi baƙi, ko an ji iska mai sanyi ta bugo, a sauke tamfol a koma filafili, kada a ce bari mu ƙara kaɗan. In ya cije, a saki igiyar gefe ya yi ta kaɗawa, a yanke ta sama. Tamfol ana sayen wani.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar hana nutsewa, ta kuma hana tafiyar dare a ruwa. Wanda ya ga yadda ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri a Satumban 2024 ba sai an yi masa bayanin ƙarfin ruwa ba.

Iyaye da masu jirage, don Allah, kafin yaro ya bar gaɓa ku sa shi ya baza tamfol ɗin ya sauke a gabanku sau uku. In ya cije ko sau ɗaya ne, kada jirgin nan ya tashi sai an gyara.